Yadda gundumar makarantu a Amurka ke kai intanet aji, mataki bayan mataki

A Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da makarantun gwamnati ba. Aikin yana hannun gundumomin makarantu, kimanin 13,000, kowace da hukumarta wadda galibi mutanen yankin ke zaɓa, da kuma babban jami'in da hukumar ke ɗauka aiki. Wata gundumar makaranta ɗaya tal gare ta a ƙauye, wata kuma ɗalibanta dubban ɗaruruwa ne. Idan ana neman makamanciyarta a Najeriya, hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da ke ƙarƙashin SUBEB ce ta fi kusa, sai dai ita gundumar Amurka tana samun kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin gidaje da filaye na yankinta, kuma ita ke sa hannu a kwangila. Don haka maganar intanet a kanta take ƙarewa, ko ta yi kyau ko ta lalace.

Gundumomin da aikin ya yi musu kyau kusan jeri ɗaya suke bi, kuma a wannan jerin sayen kwamfutar yara yana can kusa da ƙarshe. Waɗanda suka fara da shi, saboda shi ne ke fitowa a hoto ranar bikin rabo, su ne suka fi yin asara.

Kafin a taɓa ko dala ɗaya

Ana kafa kwamiti mai malaman aji, shugabannin makarantu, jami'in kuɗi, jami'in fasaha da wakilin iyaye. Aikinsu su rubuta a fili abin da za a yi da intanet ɗin: jarrabawar jiha ta kwamfuta, rajistar halarta da sakamako, darasin bidiyo, ko aikin gida. Amsar ita ke yanke komai daga baya. Jarrabawa tana bukatar kwamfuta mai maɓallan rubutu na gaske da layin da ba ya yankewa na tsawon awa biyu ko uku. Bidiyo kuwa faɗin layi yake ci, wato yawan bayanan da layi ke iya ɗauka a daƙiƙa. Daga nan a zagaya kowane gini a ƙidaya abin da ke ƙasa: azuzuwa nawa, soket nawa a kowane aji, wace irin waya ce a bango, shekarunta nawa.

Lissafin faɗin layi

A 2014 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba makarantu ma'auni biyu: megabit 100 a daƙiƙa ga kowane mutum 1,000 a matsayin mafari, sannan gigabit 1 ga mutum 1,000 a matsayin inda ake son kaiwa, wato megabit ɗaya ga kowane ɗalibi ko ma'aikaci. Gundumar da ke da ɗalibai da ma'aikata 3,000 za ta nemi gigabit 3 ke nan. Ƙaramar makaranta kada ta tsaya a kan wannan lissafi kawai, domin mutum 80 da suka buɗe bidiyo lokaci guda sun fi ƙarfin megabit 80. Yawan jama'a ne ke sa lissafin ya daidaita, tunda ba kowa ke jan layi a daƙiƙa ɗaya ba.

Yawancin gundumomi layi ɗaya babba suke saya ya sauka a cibiya, sannan su haɗa makarantunsu da cibiyar ta wayar fiba, ko tasu ko ta haya. Amfanin haka shi ne tsaro da tace shafuka duk a wuri ɗaya ake yinsu. Haɗarinsa kuma a fili yake: motar haƙa rami ɗaya ta tsinke wayar, makarantu ashirin sun yi shiru. Maganin shi ne layi na biyu daga wani kamfani, kuma a tabbatar ta wata hanya daban yake shigowa ginin. An sha samun kamfanoni biyu da wayoyinsu ke kwance a bututu ɗaya a ƙarƙashin titi ɗaya.

A rubuta a kwangilar cewa za a iya ƙara faɗin layi a tsakiyar wa'adi, da farashin da aka riga aka yanke.

Cikin gini, inda matsalar ta fi yawa

Idan malami ya ce intanet ba ya aiki, sau da yawa ba laifin kamfanin layi ba ne. Matsalar tana tsakanin ɗakin na'urori da rufin ajinsa.

Na'urar watsa Wi-Fi ta gida ba ta ɗaukar aji. Yaro 30, kowa da kwamfuta, ga ta malami, ga majigi, ga wayoyin aljihu, an kai na'ura 50 ko fiye a ɗaki ɗaya. Abin da aka saba shi ne na'urar watsawa ɗaya mai ƙarfin ofis a rufin kowane aji, da ƙari a ɗakin taro, ɗakin cin abinci da ɗakin karatu. Kada a jera su a baranda don rage kuɗi, domin bangon bulo da ƙofar ƙarfe suna cinye siginar kafin ta isa kujerar baya. Yawansu ma yana iya zama cuta. Zangon siginar Wi-Fi na 2.4 gigahaz tashoshi uku kacal gare shi waɗanda ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, don haka na'urori goma a jere da cikakken ƙarfi surutu kawai suke yi wa junansu. A rage musu ƙarfi, a kashe wannan zango a wasu daga ciki, a tura kwamfutocin yara zangon 5 gigahaz mai tashoshi da yawa. Kafin a huda bango, a sa ƙwararre ya zagaya da na'urar auna sigina, bayan an gama kuma ya sake zagayawa a ranar da yara ke aji, ba ranar Asabar ba.

Kowace na'urar watsawa tana komawa ɗakin na'urori ta wayar Cat6, kuma iyakar wannan waya mita 100 ce. Ginin da ya fi haka tsawo sai an yi masa ƙaramin ɗakin na'urori na biyu, a haɗa su da fiba. Akwatin raba layi da ke ɗakin shi ke tura wuta ta cikin wayar, wat 15 zuwa 30 ga kowace na'ura. Nan ake yawan tuntuɓe: akwati mai rami 48 ba lallai ne yana da wutar da za ta ishi rami 48 a lokaci guda ba. A duba jimillar wat ɗinsa, a raba da yawan na'urorin. In ba haka ba wasu za su riƙa mutuwa suna tashi ba tare da an san dalili ba. Ɗakin yana bukatar iska ko sanyi, makulli, da batirin tsaye da zai riƙe shi idan wuta ta ɗauke. Mai karatu a Kano ko Zinder da ke son kwaikwayon wannan tsari sai ya juya shi, ya fara da wuta: caja 30 masu wat 45 sun kai wat 1,350 a aji ɗaya, kuma wannan lissafin ne zai nuna girman sola da batirin da ake bukata tun kafin a yi maganar layi.

A raba hanyar sadarwar makarantar kashi huɗu a cikin saitin akwatunan: ta ɗalibai, ta ma'aikata, ta baƙi, da ta kyamarori da firintoci. Kwamfutar ɗalibi ba ta da abin yi kusa da rumbun bayanan albashi. Sannan a lura da adireshin da ake raba wa na'urori. Ƙaramin rukuni adireshi 254 yake ɗauka, kuma makaranta mai mutum 600 za ta cinye su kafin ƙarfe tara na safe. Alamarsa ita ce sigina a cike amma shafi ba ya buɗewa, kuma waɗanda suka makara ne kullum ke kuka.

Inda kuɗin ke fitowa

Dokar sadarwa ta 1996 ce ta haifar da shirin E-Rate, wanda kamfanin USAC ke gudanarwa a ƙarƙashin FCC. Yana yi wa makarantu da ɗakunan karatu rangwamen kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari, gwargwadon yawan ɗaliban da suka cancanci abincin rana kyauta ko mai rahusa, da kuma ko gundumar a birni take ko a karkara. Kashi na ɗaya na shirin shi ne layin da ke shigowa makaranta. Kashi na biyu kayan cikin gini ne, waya da akwatuna da na'urorin watsawa, rangwamensa bai wuce kashi 85 ba, kuma yana da iyaka ta shekara biyar: daga 2021 zuwa 2025 dala 167 ce ga kowane ɗalibi. Shirin ba ya biyan kuɗin kwamfutar yara ko ta malamai. Wannan daga aljihun gunduma zai fito.

Matakan a jere suke, kuma tsallake ɗaya yana iya jawo asarar kuɗin shekara guda. Ana fara cike fom 470 a bayyana abin da ake so, a jira aƙalla kwana 28 kamfanoni su kawo tayi. Sai a auna tayin da ma'aunin da aka rubuta tun farko, kuma dole farashi ya fi kowane ma'auni nauyi. Bayan an zaɓa an sa hannu, a cike fom 471 a lokacin da aka buɗe ƙofa, galibi tsakanin Janairu da Maris, domin shekarar kuɗin da ke farawa 1 ga Yuli. Sa hannu a kwangila a rana ta 27 ya isa a ƙi biyan bukatar. Haka ma barin ɗan kwangila ya taya rubuta fom 470, ko karɓar kyautarsa da ta wuce dala 20 a lokaci ɗaya ko dala 50 a shekara. Takardun duka ana ajiye su shekara 10, har da tayin waɗanda suka faɗi.

Rariya da sirrin yara

Dokar CIPA ta 2000 ta wajabta wa makarantar da ke karɓar wannan rangwame ta sa rariyar da ke tare hotunan batsa da masu cutar da yara, ta rubuta manufar tsaron intanet, ta kuma kira aƙalla taron jama'a ɗaya a kanta. Rariyar da aka matse da yawa ita ma matsala ce, malamin kimiyyar halittu zai tarar an toshe masa darasin jikin ɗan'adam. A ba malamai hanyar neman buɗe shafi da za a amsa cikin yini ɗaya, in ba haka ba za su koma amfani da datar wayarsu, inda babu rariya ko kaɗan.

Dokar FERPA ta 1974 tana kare bayanan karatun ɗalibi, COPPA ta 1998 kuma ta shafi tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13. A aikace, malami ba zai yi wa ajinsa rajista a kowace manhajar kyauta da ya gani ba. Gunduma tana riƙe da jerin manhajojin da ta tantance, kowace da yarjejeniyar da ta faɗi bayanan da ake ɗauka, inda ake ajiye su, da ranar gogewa. Sa ido ma yana da iyaka. A 2010 an kai gundumar Lower Merion ta jihar Pennsylvania kotu saboda kyamarorin kwamfutocin da ta raba sun riƙa ɗaukar hotunan ɗalibai a gidajensu, ta biya dala 610,000 aka sasanta.

Sai yanzu kwamfutar

A 2013 gundumar Los Angeles ta fara shirin ba kowane ɗalibi iPad, shirin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 1.3. Cikin mako guda ɗalibai kusan 300 a sakandaren Roosevelt suka goge saitin da ke kulle na'urar suka shiga shafukan da suka ga dama. Manhajar darussan ba ta kammala ba, makarantu da dama Wi-Fi ɗinsu bai shirya ba, ba a ma yanke wa zai biya idan yaro ya fasa ko ya yar ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar, babban jami'in gundumar ya yi murabus a watan Oktoba.

Abin da ake yi a madadin haka shi ne gwaji a makaranta biyu ko uku na zango guda, ɗaya a cikinsu mai tsohon gini. A ba malamai tasu kwamfutar wata biyu ko uku kafin ta yara. Kowace na'ura a yi mata rajista a manhajar kula ta gunduma kafin ta fita daga kwali zuwa hannun yaro, ta yadda ko an goge ta za ta dawo ƙarƙashin kulawa da kanta, a liƙa mata lamba, a rubuta sunan mai riƙe da ita. Ga Chromebook, kwamfutar da ke aiki da manhajar Google, a duba ranar da za a daina sabunta mata manhaja. A 2023 Google ya tsawaita wa'adin zuwa shekara 10, amma ana ƙirgawa daga fitowar samfurin ne, ba daga ranar saye ba, don haka mai araha da ta daɗe a sito ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta.

A hannun yara kuwa shekara huɗu ko biyar ce ake sa rai. Allo yana fashewa idan aka rufe murfi a kan biro, maƙalar murfi tana karyewa, caja tana ɓata. A ware ƙarin na'urori biyar zuwa goma a kan kowace ɗari don aro yayin gyara, a sayi samfuri ɗaya domin allon matacciya ya shiga mai rai. Kuma a sauya kashi ɗaya cikin huɗu kowace shekara daga kasafin yau da kullum. Gundumar da ta sayi duka a shekara ɗaya da kuɗin tallafi, duka za su tsufa mata a shekara ɗaya, lokacin tallafin ya ƙare.

Horon malamai na yini ɗaya kafin a dawo daga hutu ba ya zama. Abin da ke aiki shi ne malami ɗaya a kowace makaranta da aka rage wa darasi domin ya shiga ajin abokan aikinsa su yi tare.

Masu kutse

Gundumomi suna riƙe da bayanan dubban yara da albashin ma'aikata, ga ƙarancin jami'an tsaro, shi ya sa masu kulle bayanai don kuɗin fansa ke hararsu. A Nuwamban 2020 an kai wa gundumar Baltimore County hari, karatun ɗalibai sama da dubu ɗari ya tsaya na kwanaki. A Satumban 2022 aka kai wa Los Angeles a ƙarshen mako mai hutu, ta ƙi biya, maharan suka saki bayanan da suka sata. Lokacin hutu suke so, sa'ad da babu mai kallon allo.

Duk ma'aikaci ya shiga da mataki biyu, kalmar sirri da lambar da ake turowa ta waya ko ɗan makullin da ake sokawa a kwamfuta. A rufe asusun wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Bayanai a yi musu kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri da ba ya haɗe da hanyar gunduma, domin maharan kwafin suke fara nema. Sau biyu a shekara a ɗauki rumbun albashi a dawo da shi daga kwafin a kan wata kwamfuta, a rubuta awa nawa ya ɗauka. Lambobin wayar waɗanda za a kira a daren hari kuma a buga su a takarda, a ajiye a aljihun teburin babban jami'i da na jami'in fasaha.