Yadda ake haɗa matatar rage naitiret a tankin kifin ado

Matatar da ake sayarwa tare da tankin kifi rabin aiki take yi. Bakteriyar da ke zaune a sosonta suna mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa zuwa naitirait (NO2), daga nan zuwa naitiret (NO3), shi ke nan sun gama nasu. NO3 ɗin yana nan yana taruwa, gansakuka ta samu abinci ta lulluɓe gilashi, kifi kuma ya daina girma yadda ya kamata. A tankin ruwan daɗi ana so ya zauna ƙasa da miligiram 40 a lita, ƙasa da 20 ma ya fi. Tankin ruwan gishiri mai murjani kuwa, ƙasa da 10.

Akwai wasu bakteriyar da ke ƙarasa aikin, su mayar da NO3 iskar naitirojin ta tashi ta bar ruwan. Sai dai muddin akwai oksijin, shi za su shaƙa, ko kallon NO3 ba za su yi ba. Sai ya ƙare ƙaƙaf sannan su juya kansa. Don haka matatar rage naitiret ba wani abu ba ce illa rufaffen wuri mai duhu da ruwa ke ratsawa a hankali har oksijin ɗinsa ya ƙare. Nasararta da lalacewarta duk suna kan gudun ruwan.

Kafin ka sayi komai, auna ruwan da kake canji da shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya yarda da NO3 har miligiram 50 a litar ruwan sha, saboda haka wani tun daga famfo yake ɗebo matsalarsa, kuma irinsa ne ya fi buƙatar wannan matata. Mai tanki cike da shuke-shuke kuwa kada ya wahalar da kansa, NO3 takinsu ne.

Ga tanki mai lita 150 zuwa 250, nemi bututun PVC mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 50, da murfi biyu, ɗaya na mannewa da gam a ƙasa, ɗaya mai murɗawa a sama. Sai siririn tiyon iska, irin na injin kumfa mai faɗin ciki milimita 4, mita 15. Sai ƙaramin bawul da ke iya daidaita ɗigo, da zoben tangaran ko dutsen aman wuta mai ramuka da zai cika bututun, da sirinji. Naɗe tiyon a jikin bangon bututun ta ciki, daga sama zuwa ƙasa, bakinsa ya ƙare a gindi, ka tabbata bai lanƙwashe ya toshe ba a ko'ina. Zuba tangaran a tsakiya. Huda murfin sama wuri uku: mashiga, inda bakin tiyon na sama zai fito, da mafita, da na wani guntun tiyo da zai sauka har gindi don zuba wa bakteriya abinci. Mafitar ta kasance a ƙololuwar murfin, don iskar naitirojin ta riƙa bin ruwan tana fita maimakon ta taru. Toshe gefen kowace huda da gam ɗin silikon na tankin kifi. Idan ta waje ka ga ya fi maka sauƙin naɗe tiyon, lulluɓe shi da baƙin tef. Haske zai tsirar da gansakuka a ciki, ita kuwa oksijin take samarwa, abin da kake ƙoƙarin kora.

Ruwan da zai shiga ya zama wanda ya riga ya bi ta soso, in ba haka ba datti zai toshe tiyon cikin kwanaki. Ana ɗaukarsa da ƙaramin reshe daga tiyon da ke mayar da ruwa tanki. Bawul ɗin a mafita ake sa shi. Ruwan da ke fita ba oksijin a cikinsa, don haka ya riƙa ɗiga daga sama, a inda ruwan tanki ke motsi sosai.

Cika bututun da ruwan tanki, ka matse tsohon soso a ciki don ya samu irin bakteriya, ka rufe, ka daidaita bawul a ɗigo ɗaya cikin daƙiƙa. Ido yana yaudara, gara ka tari ruwan na minti ɗaya ka zuƙe shi da sirinji: ya kamata ka ga kamar mililita 3. Wato lita 4 da ɗoriya a yini. A wannan gudun ruwa yana ɗaukar kusan awa guda a cikin tiyon, inda bakteriyar farko ke cinye oksijin ɗinsa, sannan ya wuni yana hawa ta cikin tangaran.

Daga nan sai haƙuri da awo. Abin aunawa shi ne ruwan mafita, ba na tanki ba, sau biyu a mako, NO2 da NO3 duka. Mako biyun farko da wuya ka ga canji. Bayan haka NO2 zai bayyana, wani lokacin da yawa. A nan mutane ke razana su kwance matatar, alhali alama ce mai kyau: oksijin ya ƙare, bakteriyar sun soma karya NO3 amma ba su kai ƙarshe ba. A wannan lokacin awon NO3 kan nuna ya ƙaru, domin yawancin magungunan awo suna mayar da NO3 zuwa NO2 ne kafin su ba da kala, sai su haɗa da wanda ke nan. Juya mafitar zuwa jarka har NO2 ya sauka, kana cike tankin da sabon ruwan da aka kashe wa kulorin.

Yanzu ne za ka fara ba bakteriyar abinci, domin suna buƙatar sinadarin kabon, ruwan tanki kuwa bai cika ɗauke da isasshe ba. Farin ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ya wadatar. Fara da mililita 1 a yini ta guntun tiyon nan, ka ƙara mililita 1 duk mako. Ruwa mai NO3 miligiram 40 da ke tafiya ɗigo ɗaya a daƙiƙa yana cin mililita 3 zuwa 4 a yini. Idan ka zarce, rarar za ta faɗa tanki, ruwa ya yi fari-fari, kifi su taso sama suna haki. Tsayar da khal, ƙara kumfa, canza ruwa.

Tsakanin mako 4 zuwa 8 mafita za ta nuna NO2 sifili, NO3 sifili ko kusa. Sai ka buɗe bawul kaɗan, daga mililita 3 a minti zuwa 4 ko 5, ka jira kwana huɗu ka sake awo. Idan NO2 ya dawo, gudu ya yi yawa ko abinci ya gaza. Idan ka ji warin baragurbi, gudu ya yi kaɗan: NO3 ya ƙare a ciki, wasu bakteriyar sun koma kan salfet suna fitar da iskar H2S, wadda guba ce ga kifi. Maganinsa ka juya mafita zuwa bokiti, ka ƙara gudu, ka rage khal har warin ya ɗauke. Mai na'urar ORP, wadda ke nuna ƙarfin oksijin da makamantansa a ruwa, ya riƙe awon ruwan matatar tsakanin -50 da -200 milibolt. Wanda ba shi da ita, hanci da kwalbar awo sun ishe shi. A ɗigo uku cikin daƙiƙa, matatar tana tace kusan lita 90 a mako. Duk da haka NO3 kawai take ɗauka, fosfet da sauran datti suna nan, canjin ruwa raguwa zai yi ba dainawa ba.

Duba ɗigon kullum, domin yauƙin bakteriya yana toshe bawul a hankali, gudu ya ragu ba ka sani ba, daga nan wari ke farawa. Buɗe bawul gaba ɗaya cikin bokiti na 'yan daƙiƙoƙi sau ɗaya a mako, sannan ka mayar da shi daidai. Tangaran ba a wanke shi sai ya toshe, kuma da ruwan tanki, rabi-rabi. Yayin da NO3 na tanki ke sauka, rage khal ko ƙara gudu, don abincin da ya dace da miligiram 40 ya yi wa 10 yawa.

Idan wuta ta ɗauke na awowi, ruwan ciki ya tsaya ke nan, kada ka bari ya koma tanki kai tsaye. Zubar da litar farko ko biyu a bokiti, ka sansana, ka auna NO2, sannan ka mayar. Lokacin da kake yi wa kifi maganin kashe bakteriya kuwa, cire matatar daga tankin, ka ciyar da ita daga jarkar tsohon ruwan da ka ɗeba kafin zuba maganin, a ajiye sama da ita yadda zai riƙa gangarowa da kansa.