Yadda ake bibiyar iskar CO2 da aka binne ta hanyar auna kumburin ƙasa

Idan aka ɗura iskar kabon dayoksaid (CO2) cikin dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa, matsi na ƙaruwa a ƙananan ƙofofinsa, dutsen ya kumbura, doron ƙasa ya ɗago da 'yan milimita. Wannan ɗagowar ake aunawa. A Krechba da ke yankin In Salah na Aljeriya, kamfanonin BP da Sonatrach da Statoil sun ɗura kusan tan miliyan 3.8 tsakanin 2004 da 2011 cikin dutsen yashi mai zurfin kusan mita 1,900, ƙasar kuwa ta riƙa ɗagowa kimanin milimita 5 a shekara.

Fara awo tun kafin a kunna famfo, aƙalla da shekara guda. Ƙasa tana motsi da kanta saboda damina da rani, da zuƙar ruwan burtsatse, da haƙar gas a kusa. In ba ka san wannan motsin ba, za ka ɗora wa iskar laifin da ba nata ba.

Sai ka tara hotunan rada na tauraron ɗan'adam, ka kwatanta su da juna don ganin motsin ƙasa, dabarar da ake kira InSAR. Hotunan tauraron Turai mai suna Sentinel-1 kyauta ne, kuma tauraron yana komowa kan wuri duk kwana 12. Kada ka yanke hukunci da hoto biyu, domin tururin ruwa a sama yana jinkirta sigina ya nuna kumburin ƙarya da ya fi na gaske girma. Haɗa hotuna 20 zuwa 30 ko fiye. Inda ciyayi ko rairayi mai tafiya ke ɓata hoto, kafa faranti mai kusurwa na ƙarfe, mai mayar da siginar rada, a kan kankare, ka kuma ɗaura awon da tashar GPS da ke wajen yankin kumburin.

Bayan rada akwai na'urorin da ake sawa a wurin. Na'urar auna karkatar ƙasa a rami ake binne ta, wajen mita 10, don ta tsira daga zafin rana. Igiyar faiba kuwa, wato zaren gilashi mai jin motsin dutse, a bayan bututun rijiya ake sa ta a zuba siminti. In simintin bai kama da kyau ba, igiyar ba za ta ji motsin dutse ba. Sanyin iskar da ake ɗurawa ma yana kwaikwayon motsin dutse a igiyar, don haka a auna zafi daban a cire shi daga lissafi.

Babban aikin shi ne karanta siffar kumburin. Tudu ɗaya mai laushin gangare yana nufin matsi na bazuwa cikin dutsen da aka ajiye iskar yadda aka zata. A rijiyar ɗuri ta KB-502 da ke Krechba tudu biyu aka gani da kwari a tsakani, alamar tsaga a tsaye tana buɗewa har cikin ƙasan dutsen murfi, wanda ke sama yana hana iskar fita. Ganin irin wannan, a rage matsin ɗuri nan take, a duba tsofaffin rijiyoyin da ke kan layin tsagar. A 2007 iskar ta ɓullo a tsohuwar rijiyar KB-5, a 2011 kuma aka dakatar da ɗurin.

Kumburi matsi yake nunawa, ba iskar kanta ba, matsi kuwa yana riga iskar nisa. Sanin inda ta tsaya sai da binciken girgizar sauti, wato aika sauti cikin ƙasa a karanta amonsa, wanda shi ne abin dogaro a Sleipner, wata ma'ajiyar iskar da ke cikin Tekun Arewa na Turai, inda rada ba ta ganin ƙasan ruwa.