Kurakuran da ke sa sabon mai haɗa ƙaramin jirgin roba ya yi watsi da kwalinsa

Yawancin waɗanda suka bar sha'awar haɗa ƙananan jiragen sama na roba a kwalin farko suka bar ta. Mutum ya buɗe kwali da murna, ya yi kwana biyu yana fama, sai ya ga abin da ke hannunsa bai yi kama da hoton da ke kan murfi ba, ya tura shi ƙarƙashin gado. Abin yana damuna, domin kusan duk abin da ya ɓata masa aikin yana da magani mai sauƙi, kawai dai ba wanda ya faɗa masa.

Kuskuren yakan fara tun wajen zaɓe. Ido yana son babba, sai sabon shiga ya ɗauki Lancaster mai inji huɗu, ko jirgi mai fuka-fuki hawa biyu irin na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda sai an ɗaure masa siraran wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Lambar da ke jikin kwali tana gaya maka girman aikin. Idan an rubuta 1/72, an rage jirgin gaske sau 72 ke nan. Spitfire, mai faɗin fuka-fuki mita 11 da ɗoriya, zai fito kusan santimita 15 da rabi, Lancaster kuwa zai haura santimita 43. A ganina jirgi mai inji ɗaya da fuka-fuki hawa ɗaya a ma'aunin 1/72 shi ne mafarin da ya dace: Spitfire, Hurricane, Mustang ko Zero. Wanda idonsa ba ya son ƙananan abubuwa ya ɗauki 1/48. Kamfanin Revell na rubuta matakin wahala daga 1 zuwa 5 a kan kwalayensa, kamfanin Airfix kuma yana da kwalayen masu farawa da ke zuwa da fenti da burushi da gam a ciki.

Akwai wani tarko da sabo ba ya gani. Kwali na iya zama sabo fil, amma ƙirar da aka zuba robar a cikinta ta shekara arba'in ko hamsin. Airfix tun cikin shekarun 1950 yake fitar da Spitfire, kuma kamfanoni da yawa kan sake sayar da tsohuwar ƙira cikin sabon kwali. Tsohuwar ƙira ba ta haɗuwa cif-cif, sai an sha kankara da cike ramuka. Ka bincika shekarar da aka yi ƙirar kafin ka saya. Kayan kamfanin Tamiya sun yi suna wajen dacewa da juna ba tare da kokawa ba.

Sai cire sassa daga firam ɗin robar da suke manne a jiki. Kada ka murɗa da hannu, yana yage gefen abin ya bar rami. Ka yanke da ƙaramin abin datsa waya, ka bar ɗan tsini, sannan ka share shi da wuƙa mai kaifi da samfefa mai laushi, lamba 400 ko 600. Kuma kada ka cire komai a lokaci ɗaya, domin lambar kowane sashe a jikin firam take, ba a jikinsa ba.

Gam kuwa, nan ne aka fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kansa. Gam ɗin wannan aiki ba manna abu yake yi kamar na takarda ba. Narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya. Wanda bai san haka ba sai ya matsa shi da yawa don ya kama sosai, gam ya tsattsafo ta gefe, ya sa yatsa ya goge, shi ke nan zanen yatsansa ya zauna daram a jikin jirgin. Idan ya tsattsafo, kada ka taɓa. Bar shi ya kwana ya bushe, washegari ka bi da samfefa. Wanda ya fi sauƙin sarrafawa shi ne mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin: ka haɗa sassan biyu tukuna, ka ɗora bakin burushin a kan layin haɗin, shi da kansa zai bi layin ya shige. Ka tuna kuma ba ya kama fenti, sai ka kankare wurin da za a haɗa har roba ta bayyana. A buɗe taga in ana aiki da shi, warinsa ba abin shaƙa ba ne.

Murfin gilashin da ke saman matuƙi shi ne idon jirgi, kowa can yake fara kallo. Gam mai narkarwa yana cinye shi, sufa-gulu kuma tururinsa yana barin farin hazo a ciki wanda ba ya goguwa da sauƙi. Farin gam na katako shi ne maganin: ɗigo kaɗan a kan tsinke, ya bushe garau, in ya yi yawa a share da jiƙaƙƙiyar auduga.

Kafin gam ya taɓa komai, ka gwada haɗa sassan haka nan a bushe, ka riƙe su da tef. A nan za ka gane inda ya tokare da inda ya bar giɓi. A nan ne kuma za ka tuna da abubuwan da ba a komawa kansu in an rufe gangar jiki: fentin mazaunin matuƙi, huda ramukan da za a rataye tankin mai ko bam a ƙarƙashin fiffike, da nauyin hanci. Jiragen da tayarsu ta uku take gaba, kamar P-38 Lightning da Me 262 da kusan duk jiragen yaƙi na zamani, in ba a cusa ɗan ƙarfe ko darma a hancinsu ba, sau da yawa zama suke yi a kan wutsiya. Takardar umarni takan faɗi giram nawa ake bukata, amma mai sauri ba ya ganin wurin. Sauri kan haifi nawa. Bayan ka manna fuka-fuki, ka kalli jirgin ta gaba a daidai idonka, ka tabbata dama da hagu sun ɗaga daidai kafin gam ya ƙame.

A wajen fenti, kuskuren guda ne yake maimaita kansa: kauri. Mutum yana so shafa ɗaya ta rufe komai, sai fentin ya cike siraran layukan jikin jirgi ya bar sawun burushi. Ka gauraya fentin sosai, ka tsinka shi ya yi ruwa-ruwa, ka shafa sau biyu ko uku, kana barin kowace shafa ta bushe. Shafar farko za ta fito da dabbare-dabbare, kada ta tayar maka da hankali, haka take. Fentin akirilik ya fi dacewa da mai farawa, yana bushewa da wuri kuma yawancinsa ruwa ke wanke burushi. Na mai, irin ƙananan gwangwanayen Humbrol, yana kwanciya sumul amma yana son sa'o'i da yawa, gara a bar shi ya kwana. Wanke sassa da ruwan sabulu tun farko yana cire maiƙon da ke hana fenti kamawa. Na'urar feshi kuwa ba ta zama dole ba a jirgin farko, ko na biyar ma.

Tambarin jirgi da lambobinsa suna zuwa a takardar da ake jiƙawa. Daƙiƙa goma zuwa ashirin a ruwa mai ɗumi ta isa, sai a ajiye ta saki da kanta, a zame tambarin daga takarda zuwa jikin jirgi da jiƙaƙƙen burushi. In ka ga gefensa yana ƙyalli kamar azurfa, iska ce ta maƙale a ƙarƙashi saboda fentin ba shi da santsi. Shi ya sa ake shafa banish mai sheƙi kafin a ɗora, a rufe da mara sheƙi daga baya. Ruwan Micro Sol yana tausasa tambari ya bi lanƙwasar jiki. Zai yamutse da farko, ka ɗauke hannunka, zai miƙe.

Akwai kuma laifin da ke wuyan mu da muka daɗe a harkar. Yaro ko babba ya nuna jirginsa na farko, sai a tarbe shi da cewa koren fentin bai yi daidai da na jirgin gaske na 1940 ba, ko a jero masa kayan aikin da sai ya saya kafin a ɗauke shi da muhimmanci. Wannan ya fi gam da fenti korar mutane. Abin datsa, wuƙa, samfefa, hantsaki, gam, burushi biyu da fenti kala huɗu ko biyar sun isa a gama jirgi. In za ka koya wa wani, ka sayi kwali biyu iri ɗaya, ku zauna tare, kana yin naka yana yin nasa. Kada ka karɓe nasa don ka gyara masa. Ƙaramin yaro a fara masa da irin waɗanda ake ɗosawa ba gam ba wuƙa, kamar Quickbuild na Airfix. Idan ya gama, ka nuna masa abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara a na gaba, ka sa ya rubuta ranar da ya gama a ƙarƙashin fiffike, ya ajiye shi inda zai riƙa ganinsa lokacin da yake haɗa na biyu.