Idan ƙudan zuma sun yi dandazo a bakin amya

'Yan uwa masu kiwon zuma, in kun ga ƙuda sun taru a bakin amya da yamma, sun yi tuli kamar gemu, zafi ne ya koro su. 'Ya'yansu na son ɗumin kusan digiri 35, Sakkwato kuwa a Afrilu tana haura 40.

Kada ku matsar da amyar, masu fita kiwo za su ɓace. Ku kafa mata rumfar zana, ku shimfiɗa kara bisa murfin amyar na kwano. Ku tokare murfin da tsinken ashana a kusurwa huɗu, iska ta fita, ɓarayin ƙuda ba za su iya shiga ba. Sai kaskon ruwa kusa, da tsakuwa a ciki don kada su nutse.