Yadda Ma'aikatan Laburare Za Su Koyi Aiki da Kafofin Intanet Suna Bakin Aikinsu

A shekarar 2006, wata ma'aikaciyar laburare mai suna Helene Blowers, da ke aiki a laburaren gwamnati na birnin Charlotte a Amurka, ta ga intanet ta sauya salo, masu karatu suna zuwa da tambayoyin da ma'aikata ba su da amsarsu. Ma'aikatan suna da yawa, sun warwatsu a rassa daban-daban, tara su a aji ɗaya ba zai yiwu ba sai an rufe ƙofa. Sai ta gutsuttsura karatun zuwa ƙananan ayyuka 23, ta raba su a kan makonni tara. Kowa ya gwada da hannunsa, ya rubuta abin da ya gani, wanda ya kammala a ba shi kyautar 'yar na'urar sauraro ta MP3. Shirin ya yi suna da 23 Things, wato abubuwa 23. Ta bar shi a buɗe ga duk mai son ɗauka, aka kwaikwaye shi a Ostareliya da Turai, har laburarorin jami'o'in Oxford da Cambridge suka yi nasu.

Da yawa daga manhajojin da aka koya a wancan lokaci sun mutu. Google Reader, manhajar da ke tattaro sababbin rubuce-rubucen shafukan intanet wuri guda, alal misali, an rufe shi tun 2013. Amma dabarar tana nan da ranta, kuma a ganina ta fi dacewa da mu fiye da bitar kwana biyu a otal, inda ake haska allo, a raba jaka da alawus, a dawo ofis ba wanda ya taɓa komai da yatsansa. Ga yadda za a tsara ta a laburaren jiha, ko na kwaleji, ko na unguwa.

Mataki na farko: a san inda kowa ya tsaya

Kafin a rubuta jadawali, wanda zai jagoranci shirin ya zauna da kowane ma'aikaci shi kaɗai, ko da minti biyar ne. Wace irin waya gare shi? Yana da adireshin imel, kuma yana tuna kalmar sirrinsa? Me masu karatu suka taɓa tambayarsa da ya kasa amsawa? Kada a yi waɗannan tambayoyi a taro. Dattijon da ya shekara 25 yana kula da kantocin littattafai ba zai ce bai iya ba a gaban yaran da aka ɗauka bara, kuma yana da gaskiya in ya kare girmansa. A keɓe shi a ce, "Baba, so muke ka taya mu gwada wani abu." Za a tarar kusan kowa yana tura saƙon murya a WhatsApp, daga nan za a ɗora.

A sa kowa a ciki, har mai gadin ƙofa da masinja. Sau tari su ne mai karatu yake fara cin karo da su.

Mataki na biyu: shugaba ya ba da lokaci a rubuce

A nan ne yawancin irin waɗannan shirye-shirye suke mutuwa. In aka ce kowa ya koya a gida, matar da za ta koma ta ɗora tukunya da mai iyalin da ke da wata sana'ar yamma ba za su yi ba, kuma ba laifinsu ba ne. Shugaban laburare ya fitar da takarda cewa an ware awa ɗaya a mako, cikin lokacin aiki, ana karɓa-karɓa don kada teburin ba da aro ya zauna ba kowa. A zaɓi lokacin da aka fi samun wuta, ko lokacin da ake kunna janareta. A tanadi data daga kuɗin ofis, ko da ƙaramar na'urar wayifai guda ce da kowa zai hau, da wurin caji.

Shugaban kansa ya shiga sahu, ya yi aikin mako kamar kowa, a ga ya yi kuskure ya gyara. Ranar da aka ga Oga yana tambayar yaron ofis inda zai latsa, kunya ta ƙare a wurin.

Mataki na uku: a zaɓi ayyukan, kowanne da amfaninsa a teburin aiki

Ba dole sai 23 ba. Goma sun isa zagayen farko. Sharaɗi ɗaya ne: kowane aiki ya zama wanda za a gama cikin awa guda, kuma a ƙarshensa akwai abin nunawa.

A fara da tsaro. Kowa ya buɗe imel ko ya farfaɗo da tsohonsa, ya sauya kalmar sirri zuwa doguwa wadda ba sunan ɗansa ko shekarar haihuwarsa ba, ya kunna tabbatarwa mai hawa biyu, wato ƙarin matakin tantance mai asusu kafin a shiga, a imel da WhatsApp. A nanata masa cewa lambobi shida da ake turowa ta tes ba a karanta wa kowa su, ko da mai kiran ya ce daga hedikwata yake. Da wannan dabara ake ƙwace asusun mutane, sannan a bi 'yan uwa da abokan aiki ana roƙon kuɗi da sunansu.

Mako na biyu, rubutun Hausa. A saka Hausa a allon rubutu na Gboard domin a samu ɓ da ɗ da ƙ. Wani zai ga abin ƙarami ne, ni kuwa ina ɗaukarsa da muhimmanci. Gidan da ke ajiye littattafai bai kamata ya fitar da sanarwa wadda ba ta bambanta ƙafa da kafa ba.

Sai ɗaukar hoto: kowa ya zaɓi littafi ɗaya da yake ƙauna a kan kanta, ya ɗauki bangonsa kusa da taga inda haske yake, ya rubuta layi uku kan abin da ke ciki da wanda zai amfana da shi. Wannan aikin yakan fito da abin da ba a zata ba, domin ma'aikacin da ba ya magana a taro sai ka tarar ya san littattafan sashen tarihi kamar tafin hannunsa. Bayansa a koyi haɗa takarda ɗaya da mutum uku za su gyara tare a Google Docs, da yin fom ɗin tambaya a Google Forms, a gwada shi da tambayar masu karatu wane lokaci suka fi son a buɗe ranar Asabar.

Makonni biyu cur a ba wa neman ilimi kyauta, don nan ne ɗalibai suka fi buƙatarmu. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu yana zuwa ya ce ba shi da kuɗin sayen maƙala. Ma'aikaci ya iya buɗe masa AJOL, rumbun mujallun binciken Afirka, da DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, da Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, da Internet Archive inda ake samun tsofaffin littattafan da suka ɓace a kasuwa. Aikin makon shi ne a ɗauki tambaya ta gaske da wani ya kawo, a nemo maƙala uku a kanta, a tura masa. A nuna kuma cewa ba duk abin da ke AJOL ne kyauta ba, akwai na biya, don kada a yi wa ɗalibi alkawarin da ba zai cika ba.

Sannan tantance labari. A ɗauko hoton da ke yawo a zaurukan WhatsApp a makon, a sa shi a Google Lens a ga inda ya fara fitowa da shekarar da aka ɗauke shi. Sau da yawa za a tarar tsohon hoto ne na wata ƙasa aka liƙa masa sunan garinmu. Ma'aikacin laburare tun asali aikinsa ke nan, ya tambayi daga ina magana ta fito.

Aikin da na fi so a ajiye shi kusa da ƙarshe shi ne Wikipedia. Tun 2016 ake yin wani gangami mai suna 1Lib1Ref, inda ake roƙon kowane ma'aikacin laburare ya ƙara madogara guda ɗaya, wato littafi ko rubutun da aka samo bayani daga ciki, a wata maƙalar Wikipedia. Ana yin sa daga tsakiyar Janairu, a sake daga tsakiyar Mayu, kuma ƙungiyar laburarorin Afirka ta AfLIA mai hedikwata a Akara, babban birnin Gana, ta jawo ma'aikatan nahiyar nan ciki. Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma maƙaloli da yawa a cikinta kan garuruwanmu da sarakunanmu suna buƙatar madogara, alhali littattafan suna nan a kantocinmu. Mutum ya ɗauko littafi, ya sami shafin, ya shigar da sunan marubuci da shekara da lambar shafi. In ya ga gyaransa ya bayyana ga duniya, ba sai an sake lallashinsa ba.

Mataki na huɗu: a buɗe shafin laburare da sunan laburare

Wannan na koye shi da ciwo. A wani wuri da na taɓa aiki, wani matashi mai himma ya buɗe mana shafin Facebook da asusunsa da lambar wayarsa. Shafin ya yi kyau, mutane suka saba tambayar lokacin buɗewa ta can. Da aka yi masa canjin wurin aiki, sai wayarsa ta ɓace, layin ma bai dawo da shi ba. Shafin yana nan muna kallonsa, mutane suna aiko da tambaya, ba mai ikon amsawa. Har yau abin yana damuna, domin waɗanda suka rubuto sun ɗauka wulaƙanta su muka yi.

Saboda haka a sayi layin waya na ofis, a buɗe imel na ofis, da su za a yi rajistar komai. A naɗa aƙalla mutum biyu masu kula da kowane shafi. A rubuta kalmomin sirri a takarda, a sa a ambulan, a kulle a durowar shugaba, a sauya su duk ranar da ɗaya daga masu kula ya bar aiki. A WhatsApp a yi amfani da na kasuwanci, WhatsApp Business, don yana ba da damar rubuta adireshi da lokutan aiki da saƙon da zai fita da kansa idan an tashi. Zauren sanarwa kuma a saita shi ta yadda masu kula kaɗai ke turawa, in ba haka ba cikin mako guda zai cika da gaisuwar Juma'a da tallan atamfa.

Kada kuma a jingina da kafa ɗaya. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya, duk hukumar da can kaɗai take magana da jama'a ta yi shiru wata bakwai. A riƙa ajiye kwafin hotuna da sanarwa a kwamfutar ofis.

Mataki na biyar: kowa da abokin tafiya, kowa ya ba da labari

A haɗa mutum biyu-biyu, mai saurin hannu da mai dogon sani. Doka guda: mai koyarwa ba ya karɓar wayar ya yi da kansa. Ya faɗa, ɗayan ya latsa. Bayan kowane aiki, a zauren ma'aikata, kowa ya rubuta layi biyu ko ya yi saƙon murya na minti ɗaya: me ya gwada, ina ya maƙale, ina zai yi amfani da shi. Jagora ya amsa wa kowa da sunansa. Wanda aka bari a baya a same shi a hankali, kada a karanta sunansa a taro. Gemu ba ya hana ilimi, amma tozarci yana hanawa.

Mataki na shida: a rubuta ƙa'idoji a shafi ɗaya

Kafin a fara wallafa wa jama'a, a zauna a amince kan abin da ba za a yi ba. Ba a ɗaukar hoton mai karatu sai da izininsa, musamman mata, yara kuwa sai da yardar iyaye ko malaminsu. Ba a bayyana wanda ya ari wane littafi. Amana ce tun kafin zuwan intanet, yanzu kuma ga dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Ba a ɗaukar littafin marubuci daga bango zuwa bango a watsa a zaure. Na san tausayin ɗalibai ke jawo haka, amma marubutanmu da maɗaba'unmu da cinikin nan suke rayuwa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta hana. Siyasa da jayayyar addini su tsaya a shafin mutum na kansa. In wani ya yi zagi a ƙarƙashin sanarwa, a amsa abin da ya tambaya cikin ladabi sau ɗaya, a bar sauran.

Mataki na bakwai: a kammala, a raba aiki

A mako na ƙarshe a yi ɗan taro da shayi. Kowa ya nuna abu ɗaya da ya yi, shugaba ya miƙa takardar shaida, a sa kwafinta a fayil ɗin ma'aikaci don ta yi masa amfani ranar ƙarin girma. A wurin nan take a liƙa jadawali a bango: wa zai wallafa littafin mako ranar Litinin, wa zai duba saƙonni safe da yamma, wa zai karɓe shi in ya tafi hutu. A rubuta lambar WhatsApp ta ofis da sunan shafin da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa da bayan katin aro. Bayan wata shida a sake zama, a tambayi ma'aikata waɗanne sababbin tambayoyi masu karatu suke kawowa, daga cikinsu a fitar da ayyuka goma na zagaye na biyu.