Ga masu fama da lanƙwashewar yatsan ƙafa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga wata Hajiya ta yi tambaya jiya kan yatsanta da ya ƙudundune, ya yi kanta, wato fatar ta yi tauri, a sama.

Galibi yatsa na biyu ne, na kusa da babba, ke lanƙwashewa a gaɓar tsakiya. Babban mai laifi shi ne matsattsen takalmi, musamman mai tsinin baki ko doguwar dunduniya. Mu nan Jos sanyi kan sa mu cusa ƙafa da safa mai kauri cikin sau-ciki, yatsu su yini a takure. Ciwon sukari da amosanin gaɓɓai ma suna kawo shi.

In za ki sayi takalmi a kasuwar Taminus, ki je da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. Ki gwada a tsaye, ki bar sarari kamar faɗin ɗan yatsa a gaba. Kullum ki riƙa miƙar da yatsan da hannu, kina tattaro tawul da yatsun ƙafa.

Don Allah kada a yanke kantar da reza, balle mai sukari, gyambo ake jawowa. In yatsan ya sandare ya ƙi miƙewa, sai likitan ƙashi, wani lokaci har da tiyata.