Idan ka sauka Faransa da keken guragu: yadda za ka haɗa masu taimaka maka

Wannan zuwan da na yi gida, sau uku ana sallama da ni a ƙofar gidanmu a unguwar Mokoyo ta Maraɗi kan magana guda. Na ƙarshe wani dattijo ne daga Tibiri. Ɗansa ya samu gurbin karatu a Faransa, kuma tun da ya yi haɗarin moto ba ya sauka daga gado sai an ɗaga shi. Ya ce mini, "Ɗana, can wa zai kama mini shi?" Na ce, "Baba, shi zai zaɓi masu kama shi, shi kuma zai ba su umurni." Abin da na bayyana masa ne nake rubutawa, don wanda ya sauka ko yake shirin tafiya.

Ni shan inna ya kama tun ina ƙarami, hannuwana ma ba su da ƙarfi sosai, kuma na yi shekaru ina zaune ni kaɗai a can. A Maraɗi taimako a gida yake: uwa, ƙanne, maƙwabci, almajirin zaure. Allah ya saka musu da alheri. Amma duk wanda ya taso a hakan ya san jira. Sai wani ya gama nasa kafin a zo naka, kuma wanda ya yi maka don Allah ba ka ce masa ya makara. A Faransa hukuma ce ke biyan kuɗin, kai ne uban gida. Wannan sauyin ya fi sanyin ƙasar wuyar sabo.

Ƙofar farko wani ofishi ne na kula da naƙasassu da ake kira MDPH, kowace gunduma da nata. Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ce ta kafa su, ita ce kuma ta kawo tallafin da ake kira PCH, wanda ke biyan awoyin mai taimako. Sai kana da katin zama mai aiki. Za ka cika takardar neman, ka haɗa da shaidar likita. Doka ta ba su wata 4, amma sau da yawa yana zarcewa, don haka ka kai takardunka tun makon farko, ka kuma shirya wanda zai riƙe ka kafin amsa ta fito.

Daga nan za a zo a duba buƙatarka, kuma nan ne mu Hausawa muke cutar kanmu. An tambaye ni yadda nake wanka, na ce ina lallaɓawa, Alhamdu lillahi. Aka rubuta cewa ina iyawa. Su da minti suke lissafi, abin da ba ka faɗa ba babu shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin su zo, ka yi mako guda kana rubuta komai: minti nawa daga gado zuwa keke, sau nawa kake shiga bayan gida, sau nawa ake juya ka da dare. Ka ba su labarin ranarka mafi wuya. Idan awoyin da suka ba ka sun gaza, kana da wata 2 ka rubuta musu ka nemi a sake dubawa.

Tallafin na wanka ne, sa tufafi, cin abinci, bayan gida da motsi, kuma tun 2021 an haɗa da dafa abinci da wanke kwanuka. Shara ba ta ciki. Allura da wankin miki aikin malaman jinya ne, asusun lafiya ke biya. Akwai kuma har awa 30 a wata na fita cikin jama'a. Kada ka bar su, da su nake zuwa Juma'a da taron suna.

Hanyoyin samun ma'aikaci uku ne. Ko kamfani ya turo maka nasa, shi ne uban gidansu, shi ke neman madadi idan wani bai zo ba, sai dai fuskoki na sauyawa, kuma za a iya zuwa kwantar da kai kafin isha don lokacinsu ke nan. Ko ka zama kai ne mai ɗauka, wata ƙungiya ta riƙe maka aikin takardu, kamar yadda ƙungiyar naƙasassu ta APF France handicap ke yi a wurare da dama. Ko kuma ka yi komai da kanka, ka riƙa bayyana albashi ta tsarin Cesu na Urssaf, hukumar da ke karɓar kuɗin inshorar ma'aikata. A ganina baƙo ya fara da ta farko ko ta biyu, sai ya shekara ya gane gari sannan ya ɗauki ta uku. Ita ta fi ba da ƴanci, amma a kanka yarjejeniya a rubuce take, da hutun mako 5 a shekara da albashinsa, da ƙa'idar sallamar ma'aikaci.

Kada ka dogara da mutum guda, komai kirkinsa. Na yi hakan. Wata safiya cikin hunturu zazzaɓi ya kwantar da shi, ni kuma na kwanta har azahar ina kallon wayata a kan tebur, hannuna bai kai ba. Yanzu mutum huɗu nake da su: biyu na ranakun aiki, wani ɗalibin jinya na Asabar da Lahadi, da wani da nake ba ƴan awoyi kowane wata don kada hannunsa ya manta jikina. Wayata kuma a ɗaure take a jikin gado. Ana samun masu neman aikin ta France Travail, ofishin samar da aikin yi na hukuma, ta makarantun jinya, har ta allon sanarwa na masallaci. Sunan aikin a faransanci auxiliaire de vie. Ranar ganawar farko ka sa wani ya zauna da ku, ka kuma ce mai neman ya gwada ɗaga ka. A nan za ka gane mai sauraro da mai cewa ya riga ya iya.

Za ka haɗu da ɗan gida da zai ce a ba shi aikin a hannu, ba takarda. Zuciyarka za ta karkata, don yana jin Hausa, ya san fura, ya san tsarki. Kada ka yi. Laifi ne a doka, gunduma kuma tana binciken yadda aka kashe kuɗin, in babu shaida sai ka mayar. Idan yana da izinin aiki, ka ɗauke shi da yarjejeniya kamar kowa, ku raba zumunci da awoyin aiki tun ranar farko. Mai iyali kuma kada ya jibga wa matarsa komai. Doka ta yarda a ba ɗan uwa mai kula da kai wani ɗan kuɗi, amma macen da ke ɗaga miji dare da rana a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƴar uwa, bayanta da zuciyarta za su gaji.

Kada ka rubuta addini ko asali a sanarwar neman ma'aikaci, doka ta hana. Aikin za ka bayyana. Wanda ya fi kowa iya mini alwala bai taɓa shiga masallaci ba, ni na koya masa da buta, gaɓa bayan gaɓa. Idan kana son namiji ya yi maka wanka, ko ke ƴar uwa kina son mace, a faɗa wa kamfani tun farko. Kafin azumi da wata guda ka zauna da su ku gyara lokutan sahur da buɗa baki. Kuma kada ka kira su yaran gida ko a ranka: ka biya a kan lokaci, idan awarsu ta cika ka sallame su.

Kafin ka bar Maraɗi ka tattara takardun likitanka duka, na faransanci, har hotunan ƙashi. Sannan ka sa ƙanenka ya ɗauki bidiyo da waya yadda ake ɗaga ka a gida, inda ake riƙewa da inda ke maka ciwo, don ka nuna wa sabon ma'aikaci. Dattijon ya ce da ya koma Tibiri za a ɗauka, tunda mahaifiyar yaron ce kaɗai ta iya juya shi ba tare da ya yi ƙara ba.